Mun tara kuɗi za mu kai taimako duwatsun Koma, da me za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar mata 'yan kasuwa a Yola. Mun yi karo-karo mun tara kuɗi masu ɗan kauri, kuma mun yanke shawarar kai taimako ƙauyukan da ke kan duwatsun Koma, domin mun ji ba su da asibiti, ba makaranta, ba ruwan sha mai kyau. Wasunmu sun ce a sayi shinkafa da atamfa da magunguna a raba, wasu sun ce a haƙa rijiyar burtsatse. An ce ka daɗe kana aikin lafiya a irin waɗannan wurare. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka muku da alheri, ya sa a mizani. Shawarata ba za ta yi wa wasu daga cikinku daɗi ba: kada ku sayi ko ɗaya tukuna. Ku bar kuɗin a asusu, ku ciri na mota da na guzuri kawai, mutum uku ko huɗu su hau dutsen su kwana biyu ko uku, su dawo su ba ƙungiya labari. Bayan nan ku zaɓi ƙauye ɗaya da matsala ɗaya, ku ɗaura niyyar komawa can shekara da shekaru. Bari in faɗa miki abin da ya kai ni ga wannan ra'ayi.

Mutanen Koma suna zaune a duwatsun Alantika, a ƙaramar hukumar Jada, kan iyakarmu da Kamaru, kuma 'yan'uwansu na can tsallaken iyaka. Yankin ya shigo Najeriya a 1961, bayan ƙuri'ar raba gardama da aka yi a arewacin Kamarun Ingila. A 1986, zamanin tsohuwar jihar Gongola, lokacin Kanar Yohanna Madaki yana gwamna, jaridu suka cika da labarin wai an gano wata ƙabila a kan dutse. Kalmar ganowar nan tana ba ni dariya har yau, domin Cambawa da Fulanin da ke maƙwabtaka da su sun daɗe suna cin kasuwa tare. Waɗanda ba su san da su ba su ne mutanen birni. To bayan wannan labari sai baƙi suka yi ta kwarara, kowa da kyamara da ƙunshin gwanjo, a ɗauki hoto, a raba kaya, a sauko. Yau kusan shekara arba'in ke nan, ga shi ke ma abin da kika ji game da su shi ne ba asibiti, ba ruwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki iyakar abin da rabon kaya yake iya yi.

Ki kuma sani Koma ba gari ɗaya ba ne. Akwai waɗanda suka sauko gindin dutse suka zauna kusa da hanya, suna jin Fulatanci da Hausa, 'ya'yansu na zuwa makaranta. Akwai kuma unguwanni a warwatse can sama, inda babur ma ba ya kaiwa, sai ƙafa, tafiyar sa'o'i. Abin da na gani a duk inda na yi aiki, daga nan har tsaunin Mambila da Gashaka, shi ne taimako yana tsayawa daidai inda mota ta tsaya. Ƙauyen bakin hanya ya karɓa sau biyar, na saman dutse bai ga ko ƙwaya ba, amma da sunansa aka roƙo kuɗin.

Game da shinkafa da atamfa, ban ce haramun ba ne. In an yi fari, ko ambaliya ta cinye gonaki, ko rikici ya kori mutane daga gidajensu, abinci shi ne kan gaba, babu wani dogon nazari. Amma a shekarar da damina ta yi kyau, waɗannan mutane manoma ne, suna da dawa da gero da gyaɗa da awaki. Buhun shinkafa zai ƙare cikin kwanaki, ya bar baya da ƙura: wane ya samu mudu uku, wance ba ta samu ba, dagaci ya ɓoye rabi. Na taɓa komawa wani ƙauye wata biyu bayan wata ƙungiya ta raba kaya, na tarar gida biyu ba sa gaisawa a kan bargo. Ƙungiyar tana can birni tana nuna hotuna, ba ta ma san abin da ta bari ba.

Magunguna kuwa sun fi wannan hatsari. Irin asibitin kwana ɗaya da ake yi, a kafa rumfa, a auna jini, a ba kowa ƙullin ƙwayoyi, yana da kyau a hoto. Amma dattijon da aka gaya wa yana da hawan jini aka ba shi maganin wata ɗaya, ina zai samu na wata na biyu? An dai ƙara masa damuwa. Ga kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake raba wa mutanen da ba za su iya karanta takardar ba, uwa ta ba jariri na babba, ko a sha kwana biyu a ajiye sauran don baɗi. Wasu ma abin da ake ba su kyauta daga shaguna, wa'adinsa saura mako uku. In ba ma'aikacin lafiya a tare da ku wanda zai dawo ya bi sawu, ku bar magani a kantinsa.

Abin da ya canza mini tunani gaba ɗaya shi ne yaƙin da aka yi da kurkunu, don haka ki yi haƙuri in ɗan daɗe a kansa. Matasan yanzu ba su san kurkunu ba, alhamdu lillahi, amma ki tambayi iyayenmu. Mutum ya sha ruwan kududdufi mai ɗauke da wasu 'yan ƙwari da ido da ƙyar yake ganinsu, su kuma suna ɗauke da 'ya'yan tsutsar. Sai bayan kamar shekara guda ƙafa ta yi bororo mai zafi kamar wuta, tsutsa fara mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta fara leƙowa. Saboda raɗaɗi mutum ya tsoma ƙafar cikin tafki don ya ji sanyi, nan take ta zuba dubban 'ya'ya a ruwan da gari ke sha. Babu allurar rigakafi, babu ƙwayar da ke kashe ta. Sai dai a naɗe ta a tsinke, kullum a ja kaɗan, makonni ana fama. Kuma a ƙasarmu ta arewa ta fi fitowa da damina, daidai lokacin noma, shi ya sa Dogon na ƙasar Mali, su ma mazauna duwatsu, suke kiranta cutar da ke barin rumbu wayam.

A 1986 cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta ɗauki jagorancin kawar da ita. A lokacin an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara, a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Da aka bi Najeriya ƙauye-ƙauye aka ƙirga a 1988 zuwa 1989, an samu sama da mutum 650,000 a ƙauyuka kusan 6,000, babu ƙasar da ta kai mu. To da me aka yaƙe ta? Da ƙyallen tace ruwa, da wani ɗan bututu mai matata da makiyayi zai rataya a wuya ya zuƙi ruwa da shi a daji, da maganin Abate da ake zubawa a kududdufi don kashe 'yan ƙwarin nan, da rijiyoyi inda aka samu hali. Amma ƙashin bayan aikin shi ne mutum ɗaya ko biyu a kowane ƙauye, ɗan garin, wanda aka koya wa aikin aka ba shi littafi. Shi ke zagawa gida-gida yana duba ko ƙyallen ya yage, shi ke wanke ciwo ya ɗaure, shi ke hana mai kurkunu shiga tafki, shi ke rubuta ko mutum nawa suka kamu a wannan wata. Kowane wata kuma wani na zuwa a babur ya karɓi lissafin, ya kawo sabon ƙyalle. Daga ƙarshen shekarun 1990 Janar Yakubu Gowon ya shiga aikin, yana bin ƙauyuka da gidajen gwamnoni yana matsa musu su haƙa rijiyoyin da suka yi alkawari. Mutum na ƙarshe da ya kamu a Najeriya an same shi a jihar Enugu a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da cutar. A 2023 mutum 14 kacal aka samu a duk duniya.

Ki lura, shekara ashirin aka yi ana komawa ƙauyukan nan. Kuma ƙyallen da bututun da aka kai wa kowane gida, in kika auna su da kuɗi, ba su kai buhun shinkafa ba.

Haka labarin makantar bakin kogi yake, cutar da ita ma tsutsa ke haddasawa, wadda wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu yake yaɗawa, kuma ta yi wa kwarurukan Taraba da Adamawa illa sosai. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta, iya yadda ake buƙata, har lokacin da za a daina buƙata. Magani ya samu, sai tambayar wa zai kai shi, domin ba ya kashe uwar tsutsar, wadda kan rayu har shekara 15 a jikin mutum, saboda haka dole a sha duk shekara ba fashi. Ma'aikatan gwamnati ba za su iya hawa kowane dutse duk shekara ba. Shirin da aka kafa a 1995 don ƙasashen Afirka sai ya miƙa aikin ga ƙauyukan da kansu: su zauna su zaɓi wanda suka yarda da shi, su tsai da ranar rabo, su san yadda za su saka masa. Ba a buƙatar sikeli, sanda ce mai zane, a tsai da mutum a jikinta, tsawonsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha, daga ɗaya zuwa huɗu. Da wannan sanda da littafin rajista jihohin Filato da Nasarawa suka kai ga dakatar da rabon maganin saboda yaɗuwar cutar ta tsaya, kuma a watan Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da ita.

Abin da nake so ki ɗauka a nan yana da amfani ga aljihunku. Abubuwa da yawa da ƙauyen dutse ke rasawa, an riga an biya kuɗinsu. Allurar rigakafin yara kyauta ce. Mectizan kyauta ne. Maganin tsargiya da na tsutsar ciki da ake ba 'yan makaranta, gidan sauro, duk akwai masu ɗaukar nauyinsu. Suna zuwa har hedikwatar ƙaramar hukuma, wani lokaci har ɗakin shan magani na gunduma, sai su tsaya nan, saboda ma'aikaciyar ba ta da kuɗin man babur, ko babu mai ɗaukar akwatin sanyi ya hau dutse da shi. Allurar rigakafi tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ta yi zafi ta lalace, don haka tafiyar tana son shiri: ƙanƙara, fita da asuba, masu dako. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ƙungiya irin taku in ta ɗauki nauyin wannan tafiya sau ɗaya a wata, man babur da ladan masu dako da abincin ma'aikata biyu, yaran ƙauye guda za su samu rigakafin ƙyanda da sauran cututtuka, masu ciki a duba su, da kuɗin da bai kai na liyafar buɗe rijiya ba.

Yanzu rijiyar burtsatse, tunda na ga rabin ƙungiyarku can hankalinsu yake. Ruwa mai tsabta babban abu ne, ba na musu. Amma ki zaga ƙauyukanmu ki ƙirga famfunan tuƙa-tuƙa da suka zama turken awaki, kowanne da allon sunan wanda ya bayar. Da farko, motar haƙa ba ta hawa inda babur bai hau ba, saboda haka in kun ce burtsatse, kun riga kun zaɓi gindin dutse ko kun sani ko ba ku sani ba. Na biyu, ƙasar dutse ba kamar ƙasar yashi ba ce. Ruwan yana cikin tsagogin dutse ne, in ba a yi awon ƙasa da na'ura an gano tsagar ba, sai a haƙa a tarar da ƙura. Kada ku biya ɗan kwangila duka kuɗinsa sai an gwada ruwan an ga yawansa, kuma a yi haƙar a ƙarshen rani, wajen Maris ko Afrilu, lokacin da ruwan ƙasa ya yi ƙasa sosai. Rijiyar da aka haƙa a Oktoba kowa gwani ne, rani ke tona asirinta.

Na uku, famfo inji ne, kuma inji yana lalacewa. Robar da ke cikin silinda tana cinyewa, sarƙa tana tsinkewa, bututun ƙarfe yana tsatsa. Irin famfon da ake kira India Mark II yana da ƙarfi, amma in abin da ke ƙasa ya lalace sai an zaro bututun gaba ɗaya da kayan aiki masu nauyi da makaniki. Irin Afridev an ƙera shi ne don mutanen gari su iya canza robar da kansu da 'yan kayan aiki marasa nauyi. Kafin a zaɓa, ku tambayi hukumar samar da ruwa da tsabtar karkara ta jiha wane iri ne ake samun kayan gyaransa a kasuwar Jada ko Ganye. Mai aiki da hasken rana da tanki a sama ya fi daɗin sha'ani, amma ranar da injin ya ƙone ko aka sace faifan, gyaransa ya fi ƙarfin ƙauye. Duk wanda kuka zaɓa, kafin a fara haƙa a kafa kwamitin ruwa da mata a ciki, a koya wa matasa biyu gyara, a amince kowane gida zai riƙa ba da wani abu, ko da mudun dawa ne bayan girbi, a ajiye don ranar lalacewa.

A saman dutse kuwa sau da yawa abin da ya dace ba burtsatse ba ne. Akwai idon ruwa da ke tsattsafowa daga dutse, wanda mutane da dabbobi ke tsoma ƙafa a ciki. In aka gina masa akwatin siminti aka rufe, aka fito da bututu, aka kewaye shi, aka yi wa dabbobi kwami can gefe, an samu ruwa mai tsabta ba tare da injin da zai lalace ba. Siminti da bututu ana iya ɗaukarsu a ka, yashi da tsakuwa da ƙarfi kuma na mutanen gari ne.

Bari in ba ki labarin kuskurena, don kada ki ce a littafi na karanta. Shekarun baya mun gyara wani idon ruwa a wani ƙauyen dutse. Mun zauna da dattawa maza, sun nuna mana wuri, mun yi aiki mai kyau, mun yi murna. Da na dawo bayan 'yan watanni sai na tarar mata suna wuce shi suna gangarawa tsohon rafinsu mai nisa. Da ƙyar wata tsohuwa ta gaya wa tafintanmu cewa hanyar wurin ta ratsa ta gefen inda maza ke al'adunsu, inda mace ba ta takawa. Dattawan ba su yi mana ƙarya ba, su dai ba su ɗiban ruwa, mu kuma ba mu tambayi masu ɗiba ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ka san wane ne mai ɗakin. A nan ku kuna da abin da ni ban da shi: ku mata ne, za ku shiga cikin gida ku zauna a bakin murhu, a gaya muku abin da ba za a taɓa gaya mini ba.

Kuma ina kyautata zaton in kun zauna da matan, maganar da za ta fi fitowa ita ce haihuwa. Mace ta kwana biyu tana naƙuda, ko jini ya ɓalle bayan haihuwa, ko jijjiga ta kama ta, asibitin da zai iya yi mata aiki yana can nesa. Kafin maza su taru, a nemo kuɗi, a ɗaure gadon kara, a sauko da ita, a samu mota, lokaci ya tafi. Wadda ta tsira ma wani lokaci ta tsira da yoyon fitsari. Ba za ku iya gina asibitin tiyata a kan dutse ba, amma kuna iya rage wannan jinkiri. A wasu jihohin arewa, har da Adamawa, an yi shiri da ƙungiyar direbobi ta NURTW inda aka horar da direbobin tasha su ɗauki mai naƙuda ko da tsakar dare a kan kuɗin mai kawai. Ku nemi irin wannan fahimta da direbobi da 'yan acaɓan gindin dutse. Ku sayi gadon ɗaukar mara lafiya mai naɗewa, ku kafa asusun gaggawa a hannun matan garin, wanda za a ara a biya bayan girbi. Ku samu ɗaki kusa da asibiti inda mai ciki za ta sauko ta zauna in watanta ya kama, tun tana iya tafiya da ƙafarta. Ungozomomin gargajiya kuma kada a raina su, su ake kira da dare. A koya musu alamomin da in sun gani ba jira, da wanke hannu, da sabuwar reza, da man shafa wa cibiya da ake bayarwa a asibiti maimakon toka ko kashin shanu.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da zan ƙara. Ɗaya shi ne ɗan tef mai launi uku da ake auna damtsen yaro don gane tamowa: in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron na cikin hatsari, a sauko da shi. A Nijar, a yankin Mirriya, an gwada koya wa iyaye mata su riƙa aunawa da kansu, aka ga suna iyawa sarai ko ba su yi boko ba. Na biyu saran maciji, musamman kububuwa, wadda ke addabar manoma a wannan yanki namu. Kaltungo a jihar Gombe ta yi suna wajen maganinsa. Abin da za a koya wa mutane shi ne kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a hana ƙafar motsi a yi maza a nufi inda ake da allurar dafi, kuma tun kafin ranar ku bincika wane asibiti ne mafi kusa da ke ajiye ta.

In kuma kuna son abin da zai daɗe bayan ku, ku nemi yarinya ko yaro ɗan wannan dutse da ya gama sakandare, ku ɗauki nauyinsa a makarantar koyon aikin lafiya ko ta ungozoma ko kwalejin horar da malamai, da sharaɗin zai dawo gida ya yi aiki. Ma'aikacin da aka turo daga birni, ba ya jin yaren, ba gidan kwana, ba sabis ɗin waya, wata biyu zai yi ya nemi canji, kuma ban ga laifinsa ba. Makaranta ma haka take. Ginin aji ba wuya, malamin da zai kwana a garin shi ne wuya. Hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 ta daɗe tana fama da wannan matsala a rugage. Rumfar kara da malami ɗan gari ta fi aji mai fenti da kwado a ƙofa.

Sai yadda za ku shiga. Kada ku faɗa gari kamar daga sama. Ku fara da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ku ji wa ke aiki a can da abin da aka riga aka yi, don kada ku maimaita. Ku gai da hakimi, ya haɗa ku da jauro ko mai unguwar wurin. Ku nemi tafinta mace 'yar ƙabilar, domin can sama Hausarku ba za ta kai ku ko'ina ba, Fulatanci ma ba kowa ba. Ku tambayi halin tsaro a makon da za ku tafi, ba labarin bara ba, kuma kada a yi ta shela a Facebook cewa ga ranar da Hajiyoyi za su hau dutse da kuɗi.

Akwai maganar da ba a cika son faɗa ba, amma zan faɗa. A cikin mutanen Koma akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai masu bin addinin gargajiya. Coci-coci da ƙungiyoyin da'awa duk sun yi aiki a can, wasunsu sun yi abin kirki ƙwarai, makarantu da ɗakunan magani. Amma na ga inda aka mai da taimako ƙugiya, sai ka zo wurin ibadarmu za ka samu. Wannan yana raba gari biyu, kuma yana koya wa mutane su faɗa maka abin da kake son ji. Ruwa da allura a ba kowa. Haka maganar hoto: kada a ɗauki mace ko yaro ba da izini ba, kada a nemi wanda ya fi kowa tsiraici ko rama don a tayar wa masu bayarwa da hankali. Ki auna da kanki, in baƙuwa ta shigo gidanki ta ɗauki hoton ɗakin girkinki ta watsa wa duniya da sunan tausayi. Waɗannan mutane sun sha wannan tun 1986, kuma suna sane.

Ta fuskar kuɗi, in ƙungiyarku ba ta da rajista da hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, a matsayin amintattu, ku yi, ku kuma karɓi takardar SCUML, wato sashen hukumar EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram, domin banki zai nema kafin ya buɗe muku asusun ƙungiya. Kada kuɗin jama'a ya zauna a asusun mutum ɗaya, ko da ita ce ta fi kowa amana, saboda kare mutuncinta. Duk abin da kuka tara, kada ku kashe shi a shekarar farko. Ni nakan ce a ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku don komawa da gyara, domin masu ba da gudummawa suna son sabon abu, ba mai son biyan kuɗin robar famfo a shekara ta uku. Ku kuma yi wa mutanen garin alkawari kaɗan. Sun ji alkawura da yawa, suna kuma riƙe da lissafin waɗanda ba su dawo ba.

Lokacin tafiya shi ne bayan girbi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: rafuka sun janye, mutane suna gida, zafi bai sauko ba. Da damina hanya na yankewa, kowa kuma yana gona, ba mai lokacin zama da baƙi. A wannan tafiya ta farko ku riƙe abin gaisuwa irin na baƙon kirki, gishiri da sabulu da goro don dattawa, ku ɗauki tabarmarku da gidan sauronku da abincin da za a dafa a ci tare da masu masauki. A sa takalmin da zai iya dutse, Hajiya, ba na zuwa biki ba. A tafi da littafi, a rubuta gida nawa ne, ina suke ɗiban ruwa a watan Afrilu, yaushe rabon da mai allura ya hau, mata nawa suka rasu wajen haihuwa a shekara biyun da suka wuce, da sunayen yaran da suka gama firamare. In kun dawo da wannan littafi ki sake rubuto mini, mu duba shi tare mu ga inda kuɗin zai fara shiga.